Asabar ɗin da Orval Stribling Ya Zaɓa wa 'Yarsa

A garin Tombeka ba a ɗaura aure ranar Asabar idan Alfadarai na da wasa. Ba doka ba ce, hankali ne. Alfadarai su ne yaran jami'ar garin, waɗanda ke rungumar ƙwallo su ruga a guje ana binsu ana kayarwa, kuma ranar wasansu duk mai ƙafa biyu yana fili sanye da koriyar riga. Wanda ya rasu ranar Alhamis ma haƙuri yake yi har Litinin.

Orval Stribling mai shagon tayoyi ya san wannan kamar kowa. Ciwonsa ɗaya ne: ya yarda ya san abin da sauran mutane ba su sani ba. Shekararsa hamsin da takwas, bai taɓa riƙe ƙwallo a fili ba, indararon gidansa ya shekara uku yana zuba a kan matakala, amma ya kafa ƙaton allo a gareji ya cika shi da lambobi da kibiyoyi, wai shi ne mai karanta zuciyar kwamiti.

'Yarsa ɗaya, Carol Beth, ma'aikaciyar jinya ce, za ta auri Wendell Arceneaux, ɗan Louisiana da ke aiki a rijiyar mai can tsakiyar teku. Yaro mai hankali, ba ya magana sai an tambaye shi. Hutun kwana goma sha biyu zai samu a Disamba, daga nan ya koma teku sai bazara. Asabar biyu ce a cikin kwanakin, ran sha uku da ran ashirin.

"Sha uku," in ji Nadine matar Orval, tana zuba wa kowa wake a farkon Nuwamba. "Ranar nan Alfadarai ba su da komai."

"Ran sha uku muna daji farautar barewa ni da su Lamar mai aski," in ji Orval.

"Barewar da shekara ashirin ba ka taɓa kawo ko kofatonta ba?"

"Nadine, zauna ki ƙaru." Ya ture farantinsa, ya jera gwangwanin gishiri da na barkono a gabansa. "Jami'o'i sun fi ɗari. Kwamiti ne na mutum goma sha uku ke zama a wani otal a Texas duk mako, su jera su daga na ɗaya zuwa ƙasa. Sha biyun farko su ne ke shiga neman kofin ƙasa. Na ɗaya zuwa na huɗu ba sa wasa a zagayen farko, hutawa suke yi. Na biyar zuwa na takwas su ne masu wasa a gidansu ran ashirin. Mu jiya na uku aka sa mu. Wato ran ashirin ko karen garin nan ba shi da wurin zuwa sai bikin 'yata."

"Baba, in muka zame zuwa na biyar fa?" in ji Carol Beth.

"'Yar nan, kin taɓa jin na ɗaura wa mutum taya ta fita?"

"Ta Fasto Hoyt," in ji Nadine. "A kan gadar kogi."

"Wannan gudu ya yi fiye da kima."

Ya yi ta magana har wake ya huce. Mace mai aiki a gabanta ba ta iya musu da namijin da ba shi da komai sai lokaci, don haka Nadine ta gaji ta ce ya yi yadda ya ga dama. Aka buga kati ɗari uku da rubutun ruwan gwal: ashirin ga Disamba, ƙarfe uku na rana, cocin Baptis na Tombeka. Da hannunsa Orval ya raba su a shagon askin Lamar Pickens, yana ce wa kowa ya rubuta ya ajiye.

Asabar ɗin da ta biyo baya, wata 'yar jami'a da ba a san ta da komai ba sai koyar da kiwon kaji ta zo har gida ta ci Alfadarai sha bakwai da sha huɗu. Ran Talata da yamma kwamiti ya fito da sabon jeri. Tombeka na shida.

Da Orval ya shiga shagon aski ran Laraba, Lamar ya ajiye almakashi ya ƙame.

"Ga shugaban kwamiti nan, ku tashi ku ba shi kujera. Ranka ya daɗe, mu ba mu yi nisa a karatu ba. Na shida kafin na huɗu yake ko bayansa?"

"Yi dariyarka, Lamar. Gwada mu suke yi."

"Su waye?"

"Kwamiti. Haka suke yi wa wanda suke so. Su sauko da shi kaɗan don kada a ce sun yi son kai."

"To lallai suna ƙaunar 'yan kiwon kajin nan, don su ko a jerin ba a sa su ba."

A gida kuwa Nadine ba ta jira kowa ba, ta buga waya coci a mayar da bikin ran sha uku. Aka ce mata tun jiya aka ba wa wasu ranar. 'Yar ƙanwar Lamar ce za ta yi aure.

"Ta Lamar?" in ji Orval. "To dajin fa?"

"Ya ce bana ba zai je ba. Ba wanda zai je. Kai kaɗai ka canja ranar auren 'yarka saboda barewa."

Mutumin kirki a nan zai sunkuyar da kai ya tambayi abin da ya kamata a yi. Orval gareji ya shiga. Kwana huɗu yana rubutu, ya fito da wasiƙa mai shafi goma sha huɗu. Sannan ya buɗe firijin Nadine ya ɗauke talotalon da ta tanada don idin godiya na ƙarshen Nuwamba, ƙaton tsuntsu mai kyau wanda zai ishi gida uku, ya yi masa banda a bayan shago. Ran Litinin da sassafe ya ce mata zai je Shreveport ganin sababbin tayoyi, ya hau a-kori-kura ya miƙa Texas, tafiyar awa tara.

Otal ɗin ya fi garin Tombeka yawan ƙofofi. Orval bai tambayi kowa hanya ba, wai wanda ya sani ba ya tambaya. Ya hau bene, ya sauko, ya sake hawa, rungume da tsuntsu a cikin takardar azurfa, mai na ɗiga a kan kafet ɗin mutane. Can ya leƙa wani ɗaki ya ga maza zaune a dogon tebur, kowa da baƙar kwat, ba mai dariya. Ya ƙirga su da yatsa. Goma sha uku cif. Ya tura ƙofa da gwiwa.

"Kada kowa ya tashi," in ji shi. "Orval Stribling, daga Tombeka. Na san kun san dalilin zuwana."

Ba wanda ya tashi, ba kuma wanda ya kore shi. Ya dire talotalo a tsakiyar tebur, ya zaro wasiƙa ya fara daga shafi na farko. Ya faɗi tsawon yaran da nauyinsu. Ya faɗi yadda ruwan sama ya cuce su ranar 'yan kaji. Da ya kai shafi na tara, inda ya kawo zancen Carol Beth da kati ɗari uku, murya ta karye masa. Mafi tsufa a cikinsu ya taso a hankali ya miƙa masa farin hankici mai guga, ya dafa kafaɗarsa.

"Mun ji zafin da kake ji, Mista Stribling," in ji shi cikin taushin murya. "Irin wannan lokaci ba shi da sauƙi ga iyali. Ka bar mana adireshinka, ba za mu manta da kai ba."

Orval ya rubuta musu adireshin shagon Lamar don kada Nadine ta ga amsa. Yana fita ya waiga, ya ga sun fara yagar cinya.

Washegari da yamma aka fito da jeri. Wata jami'a da ke gabansu ta sha kashi a ƙarshen mako, don haka Tombeka ta koma ta biyar. Orval bai iya jira gari ya waye sosai ba, yana bakin shagon aski kafin Lamar ya buɗe.

"Daga shida zuwa biyar," ya ce wa masu jiran aski. "Tsuntsu ɗaya, mataki ɗaya. Ni da su muka zauna, ido cikin ido. Babbansu har hankicinsa ya ba ni, ga shi nan, ku taɓa. Irin mutanen nan ba a yi musu ihu, Lamar. Sanin hannu ake yi."

"To ka kai musu saniya mana mu zama na ɗaya."

"Kai dai riƙe almakashinka."

Ran Juma'a amsa ta iso shagon aski a cikin ambulan ta wasiƙa, ƙatuwa, mai baƙin layi a gefe. Shago cike yake, Orval na kan kujera da kumfa a fuska. Ya ce wa Lamar ya buɗe ya karanta da ƙarfi kowa ya ji. Lamar ya buɗe, ya karanta a zuci tukuna, ya nemi wuri ya zauna.

"Karanta mana!"

"Daga ƙungiyar masu shirya jana'iza da sayar da akwatin gawa," in ji Lamar, hawaye na zubo masa. "Suna godiya da ka halarci taronsu na shekara. Sun ce ba su gane komai a zancen ƙwallon ba, amma a sana'arsu ba a katse mai baƙin ciki. Talotalo ya yi daɗi, sai dai gishiri ya ɗan yi yawa. Ga kalanda sun aiko maka. Kai, ku zo ku ga hoton akwatin gawa na watan Maris, har da hannun tagulla!"

Kafin Orval ya goge kumfa, labari ya riga shi gida. Nadine na tsaye a gaban firij a buɗe.

"Shreveport," in ji ta.

"Nadine, bari in yi miki bayani."

"Tsuntsuna ka kai wa masu binne mutane. Ranar idi ka zauna ka ci kalandarka."

Haka aka yi kuwa. Ita da Carol Beth suka tafi gidan yayarta, aka bar masa burodin masara na jiya.

Saura Asabar ɗaya a yanke hukunci. Alfadarai sun gama nasu wasannin, suna nan na biyar. Na huɗu Jami'ar Bellwood ce, kuma wasanta na ƙarshe da Jami'ar Carrow za ta yi, wadda ke na bakwai.

Tsakanin Tombeka da Carrow ba sai an faɗa ba. Su Kuregu ake ce musu, launinsu ruwan lemo, kuma akwai tsofaffi a Tombeka da ba sa ɓare lemo a gaban jama'a don kada a yi musu wata fassara. A watan Oktoba Alfadarai sun ci Kuregu da maki uku, aka yi sati ana murna. To yanzu lissafi ya juya. Kwamiti ba nasara kawai yake dubawa ba, yana duba girman wanda ka kayar. In Carrow ta ci Bellwood, Bellwood ta faɗo, nasarar Oktoba kuma ta ƙara nauyi. Kowa a garin ya san haka. Kowa kuma ya san yadda ake yi: ka zauna gaban talabijin, ka ɗaure fuska kamar mai shan maganin ɗaci, ka so abin a cikinka, bakinka a rufe.

Orval ya ce fatan da aka yi a ciki ba ya isa fili.

"Yaran nan murya suke bukata," ya gaya wa allonsa, tunda ba mai sauraronsa kuma. "Ba wanda zai gane ni."

A hanyarsa ta zuwa kallon wasan Carrow ya sayi riga ruwan lemo da hula mai wutsiyar kurege. Fenti kuwa bai ga dalilin saye ba, tunda akwai rabin gwangwani a shago, wanda yake shafa wa ƙafafun tarakta. Ya tsaya a gidan mai ya shafe fuska, da wuya, da kunnuwa har ciki.

Rabin maza na Tombeka suna shagon Lamar ranar, sun zuba wa talabijin ido. Kuregu suka fara ci. Suka ƙara. Suka sake ƙarawa. Duk ci sai shago ya yi tsit, wani ya yi tsaki don sauke nauyi. A ci na huɗu kyamara ta juya kan 'yan kallo, ta tsaya a kan wani mai tumbi, fuska kamar kabewa, ya hau kan kujera yana kaɗa wutsiya yana rera taken Carrow, bai ma iya baitocin ba. Ya kama wani ƙaton mutum mai sanƙo da ke gefensa, ya rungume shi, ya sumbaci sanƙon har da ƙara.

"Ku dubi wannan bawan Allah," in ji mai sharhi. "Da gani ka san tun kakanninsa 'yan Carrow ne."

Mutumin ya juya baya don ya rungumi na bayansa, hula ta zame.

Lamar ya matsa kusa da talabijin har hancinsa ya kusa taɓa gilashi.

"Wannan ƙeyar," in ji shi, "ni na aske ta ran Laraba."

An tashi arba'in da biyar da uku. Sau biyar aka sake nuna sumbar kafin yamma. Carol Beth ta gani a talabijin ɗin ɗakin jiran asibiti, tana riƙe da allura, wata tsohuwa ta tambaye ta ko lafiya.

Fentin tarakta an yi shi ne don ya jure rana da ruwa shekara goma. Ran Lahadi da safe Orval ya gwada sabulu, ya gwada kananzir, ya gwada soson tukunya. Fuskar ta ƙara ja a ƙarƙashi, lemon bai motsa ba.

"Yau ba na jin daɗin jikina," ya ce daga banɗaki.

"Wanda ya iya zuwa wa Carrow ya iya zuwa wa Ubangiji," in ji Nadine. "Sa kwat ɗinka."

Da suka shiga coci, layin da suka saba zama ya matsa gefe kamar an zo da ciwo mai yaɗuwa. Orval ya ɗaga haɓa.

"Ku kalle ni da kyau," ya ce ƙasa-ƙasa, amma yadda layi biyar za su ji. "Ƙarfe sha ɗaya kwamiti zai yi magana. Sannan za ku zo kuna neman hannun da za ku gaisa da shi."

Fasto Hoyt na tsakiyar huɗuba a kan haƙurin Ayuba sai wayoyi suka fara kaɗawa a aljihu, ɗaya bayan ɗaya, har jakar mai kaɗa piyano. Kawuna suka sunkuya, ba don addu'a ba. Fasto ya rufe littafi.

"To, tunda ba mai saurarona, Ɗan'uwa Lamar, tashi ka karanta mana mu huta."

Lamar ya miƙe, ya gyara tabarau. Ya karanta na ɗaya, na biyu, na uku. Orval ya riga ya fara miƙewa yana gyara kwat.

"Na huɗu," in ji Lamar. Ya tsaya ya dubi Orval. "Carrow."

"Sake dubawa!"

"Carrow. Sun ce abin da ta yi wa Bellwood jiya ba a iya kau da kai a kansa. Na biyar, Tombeka. Za mu yi wasa a nan gida, ran Asabar ashirin ga wata, ƙarfe uku na rana."

Tunda aka kafa garin ba a taɓa kawo wasan neman kofin ƙasa Tombeka ba. Coci ya ɗauki ihu. Dattawa suka rungumi juna, mai piyano ta buga taken Alfadarai, Fasto Hoyt ya ce Halleluya sau uku bai san ya faɗa ba. Sai wata ta waiga ta ga Carol Beth zaune, hannuwa a cinya. Shirun ya fara daga layinta ya bazu har bakin ƙofa.

"Ai mun ci su!" Orval ke ta faɗa shi kaɗai. "Mun ci su a Oktoba! Ya za a yi wanda ka ci ya hau kanka?"

"Da maki uku muka ci su," in ji Lamar. "Kai kuma ka je ka taya su cin wasu da arba'in da biyu. Har sumba ka ƙara musu."

Fasto Hoyt ya sauko daga mumbari yana murza hannu.

"Carol Beth, 'yata, kin san ni ke yi wa yaran addu'a kafin su fita fili, kuma sai an tashi nake barinsu."

"Ɗana ke busa ƙaho a badujalar jami'a," in ji mai piyano, ba ta ɗago ba.

"Mu dai za mu leƙo," in ji wani daga baya. "In an tafi hutun rabin lokaci."

Carol Beth ta miƙe. Ba ta yi kuka ba, yarinya ce da ke ganin jini kullum.

"Wendell zai koma teku ran ashirin da biyu," ta ce. "Ƙarfe uku aka rubuta a kati, ƙarfe uku za a ɗaura. Ban roƙi kowa ba. Mutum ɗaya ne kawai ba shi da zaɓi."

"'Yar nan," in ji Orval, murya ta yi laushi, "irin wannan wasa sau ɗaya ake ganinsa a rayuwa. Kujerata tana daidai tsakiyar fili. In muka ɗan matsa da abin zuwa..."

"Kai ka zaɓi ranar, Baba."

Nadine kuwa ba wasa ne a ranta ba. Ita tunaninta na wurin abinci: tarwaɗa an riga an yi magana, kaji an yi magana, dankali buhu biyu na ɗakin ajiya, kek hawa huɗu. Abincin mutum ɗari uku, masu zuwa kuwa dangin ango ne su goma sha huɗu. Ran Litinin ta ɗauko hular kuregen da tsinken wuta za ta jefa a shara, sai wani ɗan kati ya faɗo daga cikinta. An rubuta: Fasto Harlan Boyd, cocin Methodis na Carrow. A baya kuma da biro: Ɗan'uwa, duk ranar da ka bukace ni, kira.

Ta buga.

"Kai ne mai sanƙon?" ta tambaya.

"Ni ne, uwargida. Da wa nake magana?"

"Matar wanda ya sumbace ka. Me kuke yi ran ashirin?"

"Ba komai, wallahi. Ai mu na huɗu ne, hutu muke."

"To kana da aiki. Ka zo da mai piyano, ka zo da duk wanda ke jin yunwa."

Ran ashirin ga wata, ƙarfe biyu da rabi, duk titin Tombeka ya zama kore yana gangarawa fili. Sai ga bas uku sun ratso ta ciki sun tsaya a ƙofar coci. Mutum ɗari biyu da wani abu suka sauko, maza da kwat, mata da huluna, amma ba wanda bai saka ɗan ruwan lemo a jikinsa ba. Suna ganin Orval a matakala, wanda har yau kunnuwansa ba su koma daidai ba, suka ɗauki tafi.

"Ga shi nan! Ga namu!"

Fasto Harlan ya rungume shi har ƙafafunsa suka bar ƙasa.

"Ni ba naku ba ne," in ji Orval a cikin ƙirjin mutumin.

"Kunya yake ji," Fasto Harlan ya gaya wa jama'arsa. "Ku gafarce shi."

Ƙarfe uku daidai Orval ya riƙo hannun 'yarsa suka shigo. Filin wasa mil ɗaya ne daga coci, kuma tagogi a buɗe suke. A taku na biyar wani ihu ya taso daga can kamar rufin duniya zai faɗo. Orval ya tsaya cak, ya karkata kai wajen taga. Na murna ne? Na baƙin ciki ne? Carol Beth ta matse masa hannu a inda ma'aikatan jinya suka san yana da zafi, ya ci gaba da tafiya.

Aure ya ɗauru lafiya. Wendell ya ce ya yarda, maganarsa mafi tsawo a makon. Mutanen Carrow sun yi waƙa da ƙarfi, sun yi kuka a inda ya dace, sannan suka zauna suka ci abinci kamar masu hankali. Ko ƙashin tarwaɗa ba a bar nama a jikinsa ba. Nadine ta zagaya tukwane ta leƙa kowacce, ta gyaɗa kai.

Da ciki ya ɗauka, Orval ya ji ƙarfinsa ya dawo. Ya miƙe ya buga cokali a kofi.

"Ina so a shaida," in ji shi. "Tun Nuwamba na ce na huɗu ba su da abin yi ran ashirin sai bikin 'yata. Ga na huɗu, ga bikin 'yata. A nuna min inda na yi kuskure."

'Yan Carrow suka ce wannan magana ta isa a ɗaga mai ita. Maza shida suka sa kafaɗa, suka ɗauke shi sama, wani ya ɗora masa sabuwar hula mai wutsiya, suka fito da shi ta babbar ƙofa suna rera takensu.

A daidai lokacin aka tashi daga wasa. Alfadarai sun ci, kuma duk Tombeka ta biyo titin coci tana rawa. Na gaba suka tsaya. Na baya suka yi karo da su. Mutum dubu suka zuba wa Orval Stribling ido a sama, yana lilo a kan tekun ruwan lemo.

"Mun ci?" ya yi ihu daga can. "Lamar! Mun ci?"

"Mu dai mun ci," in ji Lamar. "Kai ne ban sani ba. Ka san wanda na biyar ke haɗuwa da shi a zagaye na gaba, ko in ɗauko maka allonka?"

Orval ya sani. Na huɗu, wato Carrow.

"Kada ka damu, ɗan'uwa," in ji Fasto Harlan daga ƙasa yana bubbuga masa ƙafa. "Mun riga mun ajiye maka kujera a tsakiyarmu."

"Ku ajiye masa har da ta aski," in ji Lamar. "Tawa ta cika."

Daga Tombeka zuwa Carrow mil ɗari da arba'in ne. Duk sati uku Orval ke zuwa, ya tafi da safe ya dawo da la'asar, ƙeya a karkace. Ya ce wa Nadine askin can ya fi kyau, kuma shi ya daɗe da sanin haka.